Likitar haƙori na son ƙwarewa a karatun hoton baki da muƙamuƙi: a ƙarfafa mata gwiwa ko a hana ta?

Dakta Fa'iza: Assalamu alaikum manyana da abokan aiki. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba. Na gama hidimar ƙasa, yanzu ina aiki a wani babban asibitin jiha. Lokacin zaɓen fannin ƙwarewa ya yi, zuciyata kuma ta karkata ga fannin hoton baki da muƙamuƙi da fuska, in zama wadda ake kawo wa OPG (hoton eksire guda mai nuna dukan haƙora da muƙamuƙi) da CBCT (hoton eksire mai tsawo da faɗi da zurfi) da MRI (hoton maganaɗisu mai nuna nama) na wannan yanki ta duba ta rubuta rahoto. Duk wanda na gaya wa sai ya ce me ya kai ni. Wasu sun ce aikin masu ɗaukar hoto ne, wasu sun ce babu abinci a ciki. A gida kuma cewa aka yi yaya zan ƙare shekara shida ina koyon aikin hannu, sannan in koma zaman kallon kwamfuta. Wanda ya san yadda karatun yake, da inda ake yin sa, da abin da mutum zai tarar in ya dawo gida, ya taimaka mini.

Dakta Nura: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ni ba zan ɓoye miki ba, ban goyi baya ba. A ƙasar nan majiyyaci yana biyan kuɗin abin da ya ga an yi masa ne: ciko, cire haƙori, wankin haƙori, waya ta gyaran jeri, dashe. Wa zai ciro kuɗi daga aljihu ya biya takarda mai layi goma? Ki yi fannin gyaran jerin haƙora ko na yara, ki buɗe wurinki, ki rufa wa kanki asiri. Hoto kuwa dukkanmu muna karantawa.

Malam Sani, ɗakin hoto: Da izinin likitoci. Waɗanda suka ce wa Dakta aikinmu ne sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Mu namu shi ne ɗauka: mu tsayar da majiyyaci daidai, mu saita na'ura, mu kula kada hasken eksire ya wuce ƙima, mu fito da hoto mai kyau. Hukumarmu ma daban, RRBN, hukumar masu ɗaukar hoton asibiti, ce ke mana rajista, ku kuma MDCN, hukumar likitoci da likitocin haƙori ta Najeriya. Amma a ce wannan baƙin da ke gefen saiwar turmi ƙurji ne ko ƙari ne ko kuwa halittar ƙashin ce haka, wannan maganar likita ce. Kuma in za a yi gaskiya, sau da yawa mukan ɗauki OPG mai kyau, a miƙa wa majiyyaci a ambulan ya tafi da shi, babu rahoto ko na layi ɗaya. Likitan da ya aiko shi zai ɗaga fim ɗin ta wajen taga, ya kalli haƙorin da ake kuka da shi, ya mayar cikin ambulan. Sauran muƙamuƙin babu wanda ya duba.

Cif Garba: Fa'iza 'yata, na ji daɗi da kika tambaya kafin ki yanke. Ni likitan tiyatar muƙamuƙi ne, na tsufa a cikinta, kuma hotunana ni nake karanta abina. Amelobilastoma ita ce ƙarin da ya fi yawa a cikin ƙararrakin da ke tasowa daga tushen haƙori a wannan yanki namu, kuma yadda mutanenmu ke zuwa da ita, bayan shekaru ana shafe-shafe da tsaga a gida, ba ta buƙatar gwani kafin a gane ta. Muƙamuƙin ƙasa ya kumbura ta baya, hoton ya nuna ramuka-ramuka a haɗe, saiwoyin turame sun cinye. Abin da ya rage shi ne a yanko nama a kai awo, a shiga tiyata. In abin ya shige can ciki, zuwa gindin ƙoƙon kai ko ramin ido, muna da likitocin hoto na asibiti gaba ɗaya, su karanta mana CT, hoton eksire na yanka-yanka. To ina gurbin da ya rage? Abin da muke ƙarancinsa hannun da zai yi aiki ne. Jihohi nawa ne a Arewa da likitocin tiyatar muƙamuƙinsu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba?

Dakta Binta: Cif, ranka ya daɗe, maganarka dutse, kuma ba ni da bakin musa ƙarancin hannu. Amma a ba ni dama, tunda ni ina cikin wannan karatun yanzu a wata jami'a a Amurka, in faɗi abin da ke cikinsa, sai Fa'iza ta auna.

A nan, ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka, ADA, ta amince da shi a matsayin fannin ƙwarewa mai zaman kansa a 1999. Horon da hukumar tantance makarantun haƙori ta yarda da shi ba ya gaza wata 24 cur, wurare da yawa kuma sukan kai shi shekara uku saboda ana haɗawa da digiri na biyu da bincike. Farkonsa ba karatun cuta ba ne ma. Fizis ne: yadda ake samar da hasken eksire, yadda yake ratsa ƙashi da nama, abin da yake yi wa ƙwayar halitta, yadda kwamfuta ke harhaɗa ɗaruruwan hotunan da na'urar CBCT ta ɗauka tana zagaya kai ta mayar da su abu guda mai tsawo da faɗi da zurfi. Wanda bai san wannan ba, zai ga zanen da ƙarfen ciko ya watsa a kan hoto ya ce tsagewar saiwa ce, a cire haƙori mai lafiya. Bayan nan sai a tura mu sashen hoto na babban asibiti, mu zauna da likitocin hoton kai da wuya da na ƙwaƙwalwa, mu koyi CT da MRI a hannunsu. A ƙarshe akwai jarrabawar hukumar ƙwararru ta fannin, ABOMR.

Amma ainihin aikin na kullum shi ne kujera da allo. Ana buɗe mini CBCT da aka ɗauka don dashen haƙori ɗaya tak a hagu ta ƙasa. Wurin dashen minti biyu ya ishe ni in auna tsawon ƙashi da nisan jijiyar da ke ratsa muƙamuƙi. Sauran lokacin ina bin yanka-yanka ne, daga sama zuwa ƙasa, daga gaba zuwa baya, daga gefe zuwa gefe: kogon ƙashin kunci, cikin hanci, gaɓar muƙamuƙi ta gaban kunne, gindin ƙoƙon kai, ƙasusuwan wuya na sama, hanyar numfashi. A nan ake cin karo da abin da ba shi aka zo nema ba. Farin ƙullutu a gefen wuya daidai ƙashi na uku da na huɗu, wanda kan iya zama daskarewa a jijiyar jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa, ko kogon kunci na gefe guda ya toshe bangonsa ya fara zaizayewa. Duk rahoton da na rubuta sai malamina ya bi shi kalma-kalma kafin ya sa hannu.

Na'urar CBCT ta haƙori ba tsohuwa ba ce, ƙarshen shekarun 1990 ta fito daga Italiya da Japan. Kafin ita, Cif, hotonmu shafi ɗaya ne, mai gogewa irinka yana iya cinye shi da ido a tsaye. Yanzu hoto ɗaya ɗaruruwan yanka ne. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta 2012, wadda aka fi sani da SEDENTEXCT, ta ce dole a duba dukan abin da na'urar ta ɗauko a rubuta rahoto a kai, kuma in hoton ya zarce yankin haƙora da ƙashinsu, to ƙwararren likitan hoto ne zai karanta. Na'urorin nan kuwa suna ta shigowa asibitocin kuɗi a Legas da Abuja da Kano. Tambayata ita ce wa ke karanta su.

Cif Garba: Na ji ki Binta, Allah ya yi albarka. Batun CBCT na karɓa. Amma har yanzu kina ba ni labarin mai dashen haƙori ne, ni kuma majiyyacina ko kuɗin OPG sai an yi masa karo-karo a masallaci.

Dakta Hadiza: Yaya Garba, bari in shigo ta nan, domin ni abin da zan faɗa bai kai ga CBCT ba, ɗan ƙaramin hoton cikin baki ne da ake ɗauka a kowane asibiti. Ni a ɗakin awon nama nake, kuma abin da ke isowa teburina yakan nuna mini inda aka yi kuskuren karatu tun farko.

An taɓa turo mana wata baiwar Allah 'yar shekara arba'in da 'yan kai. A wani asibiti da ba zan ambata ba, an ɗauki hoton haƙoranta na gaba na ƙasa, aka ga baƙi-baƙi a ƙarshen saiwoyi huɗu, aka ce ruɓa ta kai jijiya, aka kashe jijiyoyin haƙoran nan huɗu duka. Ta biya kuɗi masu yawa. Da aka sake hoto bayan watanni baƙin yana nan, har ya fara fari a tsakiya, sai aka ce a yanka a ƙwaƙule. Allah ya sa ta zo wajenmu kafin wuƙa ta taɓa ta. Haƙoran nan babu rami ko ɗaya a jikinsu, ba ta taɓa buguwa ba, ba su taɓa yi mata ciwo ba. Abin da ke gare ta shi ne wannan sauyin ƙashin da muke kira COD a taƙaice, inda ƙashin ƙarshen saiwa ke rikiɗa, ya fara da baƙi a hoto, ya koma gauraye, ya ƙare da fari mai siririn baƙin zobe. Haƙorin yana da ransa. Maganinsa a ƙyale shi a riƙa dubawa. In kuma mai yaɗuwa ce a ɓangarorin muƙamuƙi, ƙashin ba ya samun jini sosai, cire haƙori ko yanka a wurin na iya jawo ruɓar ƙashi da za a daɗe ana fama da ita.

Abin da ya sa nake kawo wannan: a duk duniya, waɗanda wannan abu ya fi samu mata ne baƙaƙen fata masu matsakaicin shekaru. Wato iyayenmu da yayyenmu ne. Ga kuma yaranmu masu sikila da yadda ƙashinsu ke fitowa a hoto, ga dajin Burkitt da ke kama muƙamuƙin yara, wanda farkon alamarsa a hoto kan zama ɓacewar farin layin da ke zagaye saiwa, haƙora su yi kamar suna iyo. Waɗannan cututtukanmu ne, kuma ni mai awon nama ba na iya yanke hukunci a kan yawancin cututtukan ƙashin muƙamuƙi da madubin awo kaɗai. Faibros displeziya da osifayin faibroma suna iya kama da juna ƙwarai a ƙarƙashin madubi, hoto ne ke raba gardama: ɗaya ta narke cikin ƙashin da ke kewaye da ita ba iyaka, ɗaya tana da iyaka a fili ana iya ɓare ta. Aikin tiyatarsu kuma ba ɗaya ba ne, kai ka fi ni sani. Ina matuƙar bukatar wanda zan zauna da shi a kan wannan. Fa'iza, ni ina bayanki.

Dakta Nura: Anti Hadiza, wannan ai gwajin ran haƙori kawai aka tsallake, ɗan aji biyar ma ya san shi. Ba sai an je Amurka ba.

Dakta Hadiza: Haka ne ƙanena. To wa zai koya wa ɗan aji biyar ɗin har ya zauna masa? A makarantunmu da yawa darasin hoto yana rakuɓe ne a sashe ɗaya da ilimin cututtukan baki, wanda ya samu sarari a cikinmu shi ke koyarwa. Gwani ɗaya a makaranta zai sauya idon duk ɗaliban da suka bi ta hannunsa.

Dakta Yusuf: Ni tambayata a kan hasken ne. Mun sayi CBCT a wurinmu bara, kuma gaskiya mai kamfanin da ya kawo cewa ya yi haskenta kaɗan ne, kusan kamar OPG. Shi ya sa muke ɗaukar wa kusan duk mai zuwa gyaran jeri, har yara.

Dakta Binta: Dakta Yusuf, don Allah ku dakata da wannan. Alƙaluman da ke cikin waccan ƙa'ida ta Turai ga su: OPG tsakanin maikirosibat (ma'aunin hasken da jiki ya sha) 2.7 zuwa 24.3. CBCT na yankin haƙora daga 11 har 674. Wanda ya ɗauki fuska da ƙoƙon kai daga 30 har 1,073. CT na asibiti na muƙamuƙi daga 280 zuwa 1,410. Ka ga tazarar da ke tsakanin 11 da 674, wannan ya danganta da irin na'urar, da faɗin wurin da aka buɗe, da yadda aka saita ta. Don a samu abin aunawa, matsakaicin abin da ɗan Adam ke sha daga ƙasa da iska da sararin sama a shekara kusan 2,400 ne. Ba ina cewa hoto ɗaya zai kashe kowa ba. Amma yaron da bai kai shekara 10 ba, haɗarin da ke kansa ya ninka na ɗan shekara 30 sau uku a kan haske iri ɗaya. Ƙa'idar ita ce kada a ɗauki CBCT sai an duba majiyyaci, an ga cewa hoton da ya fi shi sauƙin haske ba zai amsa tambayar ba. Fiƙar da ta maƙale a ƙashi ana tsoron tana cin saiwar maƙwabcinta, wannan dalili ne, a buɗe ɗan ƙaramin wuri a ɗauka. Cunkoson haƙora na yau da kullum ba dalili ba ne. Kuma CBCT ba ta nuna nama da kyau. Mai son ganin faifan da ke cikin gaɓar muƙamuƙi MRI zai nema, mai kumburin maɓuɓɓugar miyau a fara masa da sikanin. Sanin wane hoto za a nema, da lokacin da za a ce ba a buƙatar kowane, rabin karatunmu ke nan.

Dakta Yusuf: Na gode ƙwarai. Zan kai maganar gaban maigidan wurin gobe in sha Allah.

Malam Sani, ɗakin hoto: Tunda an zo nan, Dakta Binta, na ji an ce a can an daina sa wa majiyyaci rigar dalma da abin kare wuya. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Na'urar da nake aiki da ita ta girmi wasu likitocin zauren nan, bakinta zagayayye ne mai faɗi, kuma an daɗe ba a zo an auna abin da take fitarwa ba.

Dakta Binta: Gaskiya ne Malam, a 2024 ADA ta fitar da shawarar a daina, bisa hujjar cewa na'urorin yanzu suna matse hasken a kan wurin da ake so, kuma rigar kan shiga cikin hoton ta ɓata shi a sake ɗauka, musamman abin wuya a OPG. Amma shawarar an gina ta ne a kan sabuwar na'ura mai sensa da baki mai kusurwa huɗu. Kai a Najeriya kake, abin da NNRA, hukumar kula da harkar nukiliya da hasken eksire ta ƙasa, ta shimfiɗa shi za ka bi. Abin da zan roƙa a yi maka kafin komai shi ne a auna na'urar, a sa mata matsi mai kusurwa huɗu a baki. Shi kaɗai yana rage hasken da fiye da rabi.

Dakta Fa'iza: Allah ya saka da alheri, wallahi na ƙaru. Yaya Binta, ta ina ake shiga? Kuma in ba Amurka ba fa?

Dakta Binta: A nan yawanci ta ADEA PASS, tsarin bai-ɗaya na neman gurbin horon ƙwarewar haƙori, ake nema. Za a tantance takardunki na jami'a, ki yi jarrabawar Turanci ta TOEFL, wasu wuraren suna son ki ci INBDE, jarrabawar ƙasa ta likitocin haƙori da ta maye gurbin tsohuwar NBDE tun 2020. Akwai shirin a jami'o'i irin su Iowa da North Carolina da Connecticut da San Antonio ta Texas, a Kanada kuma akwai Toronto. Guraben kaɗan ne a kowace shekara, kuma ki sani da yawa a cikinsu ke za ki biya kuɗin makaranta, ba kamar horon ƙwarewa na gida da ake ba ki albashi ba. Ingila tana da fannin a cikin jerin ƙwarewa 13 na GDC, hukumar rajistar likitocin haƙori ta can, horon shekara huɗu ne, jarrabawarsa kuma a hannun kwalejin likitocin hoto ta Royal College of Radiologists take. Nasu ya fi namu taɓa majiyyaci, suna yin sikanin wuya da hoton hanyoyin miyau da hannunsu. Sai dai sai kin fara samun rajistar GDC, kuma guraben sun fi na nan ƙaranci.

Dakta Mustafa: A ƙara da Indiya, can na yi nawa. MDS ne, wato digiri na biyu na likitancin haƙori, na shekara uku, kuma sun haɗa ilimin cututtukan baki da hoto a fanni ɗaya. Da safe kina asibiti kina duba gyambon baki da farin tabo na masu tauna taba da goron can, da rana kina ɗakin hoto. Wanda ke tsoron kada hannunsa ya mutu, wannan ya fi masa. Ta fuskar zurfin CT da MRI kuwa ba zan haɗa kaina da Binta ba, tasu ta fi. Masar ma akwai sashen hoton baki a Jami'ar Alƙahira, Afirka ta Kudu kuma a duba Jami'ar Western Cape. Kuɗinsu bai kai na Amurka ba.

Cif Garba: To a nan ne zan yi magana a matsayin uba, a saurare ni da kyau. Digiri na biyu daban, horon ƙwarewa na asibiti daban. Na ga yaran da suka sayar da fili suka tafi suka yi shekara ɗaya a waje, suka dawo da takarda mai kyau, aka ce musu wannan ta koyarwa ce, ba ta kai mutum kujerar kwansaltan. A asibitocin koyarwa namu abin da aka sani shi ne felo, wato takardar kammala horon ƙwarewa, na kwalejin ƙasa ta horar da ƙwararrun likitoci da ke Ijanikin a Legas, ko na kwalejin likitocin tiyata ta Afirka ta Yamma, ko wata takardar waje da MDCN ta yarda ta yi wa rajista a matsayin daidai da su. Saboda haka Fa'iza, kafin ki biya ko sisi, ki rubuta wa MDCN da sunan takardar da sunan makarantar, ki karɓi amsa a rubuce ki ajiye. Na biyu, ki zauna jarrabawar matakin farko ta kwalejin, wadda ake kira firamare, tun yanzu da karatun jikin ɗan Adam bai huce a kanki ba, ko ina kika nufa daga baya za ta yi miki rana. Na uku, ki je ki gaida shugaban sashen da ke koyar da hoto a makarantar haƙori mafi kusa da ke, ki gaya masa niyyarki. Gurbin da za ki dawo ki zauna a kai tun kafin tafiya ake haƙa shi. Ban sauya ra'ayi a kan cewa hannu muka fi buƙata ba. Amma in har za ki yi, ki yi cikakke.

Dakta Issoufou, Maraɗi: Gaisuwa ga manya. Mu nan Nijar da yawanmu a Dakar ko Maroko ko wasu ƙasashen muka yi karatu, tsarinmu kuma ya bi na Faransa. A Faransa fannonin ƙwarewar likitan haƙori uku ne: gyaran jeri, tiyatar baki, da likitancin baki da haƙori. Hoto ba ya cikinsu a matsayin fanni mai zaman kansa, sai dai kwasa-kwasan jami'a. To kun ga mu ba mu ma da hanyar da za mu bi a tsarinmu. Abin da nake fata shi ne in irin su Dakta Fa'iza sun ƙware, mu riƙa aiko musu da hoto ta intanet suna karanta mana. Tsakanin Maraɗi da Katsina ba nisa, majiyyatanmu dama suna tsallakawa. Mai karatun hoto ba sai yana gari ɗaya da majiyyaci ba, mutum ɗaya a Kano zai iya yi wa Damagaram da Maraɗi da Sakkwato aiki a yini ɗaya.

Dakta Nura: Likita Issoufou ka kawo ni inda nake so. In har ta intanet za a aika, to manhaja ce za ta karanta nan da 'yan shekaru. Tuni FDA, hukumar kula da magunguna da kayan asibiti ta Amurka, ta ba kamfanoni irin su Overjet da Pearl izinin manhajar da ke gano ruɓa a hoton haƙori. Fa'iza za ta gama karatu ta tarar kwamfuta ta karɓe kujerar.

Dakta Binta: Muna amfani da irinsu, kuma suna da amfani. Suna zana akwati a kan ruɓar da ke tsakanin haƙora, suna auna yadda ƙashin dasashi ya janye. Aikin da aka horar da su a kai ke nan. Amma matar da Anti Hadiza ta ba da labari, abin da ya cece ta shi ne haɗa hoton da shekarunta da jinsinta da cewa haƙoran ba su da rami. Kuma manhaja tana koyo ne daga hotunan da aka ciyar da ita, mafi yawansu ba na mutanenmu ba ne. In ana son wadda za ta san muƙamuƙin mai sikila, sai an samu gwanayenmu da za su tara hotunan su yi musu alama daidai. A 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin jagororin wannan fasaha, ya ce a daina horar da likitocin hoto domin kwamfuta na gab da wuce su. Har yau asibitoci a nan neman su suke ido rufe. Sannan in rahoto ya ɓaci, sunan likita ne a ƙasansa, shi za a kira.

Dakta Nura: Ban gamsu a kan kuɗi ba, amma na bar ta a nan. Allah ya zaɓa mata mafi alheri.

Dakta Kabiru, mai kula da zaure: Amin. Tunda maganar aika hoto ta taso, akwai abin da ya daɗe yana damuna a zauren nan. Ana manna fim a jikin taga a ɗauka da waya a turo, ga inuwar labule, ga sunan majiyyaci da shekarunsa da lambar katinsa ɓaro-ɓaro a kusurwa. Amana ce muke tozartawa, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan. Daga yau duk hoton da ya zo da suna zan goge shi. Na biyu, WhatsApp yana matse hoto ya zubar da rabin bayaninsa. Wanda na'urarsa ta zamani ce ya fitar da fayil ɗin DICOM, wato ainihin fayil ɗin hoton da na'urar ke ajiyewa, ya cire sunan, ya turo shi a matsayin fayil. Dakta Binta da Dakta Mustafa, in za ku iya ba mu awa ɗaya ranar Asabar ta farkon kowane wata mu riƙa karanta hoto uku tare, da kun taimaki zauren nan.

Dakta Mustafa: Na amince. Mu fara da turmin ƙarshe na ƙasa da alamomin kusancinsa da jijiya a OPG, tunda kowa na cire shi.

Dakta Binta: Ni ma, sai dai a sa da yamma agogon gida saboda bambancin lokaci.

Dakta Fa'iza: Cif, na ji kuma zan bi, wasiƙar MDCN ita ce farko. Anti Hadiza, in kin yarda zan riƙa zuwa ranakun da ba ni da aiki in ga yadda kike haɗa hoto da awon nama. Yaya Nura, na san don kana so na da alheri ka faɗa, na gode.

Malam Sani, ɗakin hoto: Kafin a tashi, roƙo ɗaya daga ɗakin hoto zuwa ga duk likitocin zauren nan. Takardar neman hoto da kuke aiko mana, yawanci abin da ke jiki shi ne "OPG" da sa hannu, shi ke nan. Ba a faɗi gefen da ke ciwo ba, ba a faɗi tun yaushe ba, ba a faɗi ko leɓe ya mutu ba, ba a faɗi ko mace tana da juna biyu ba. Sai in tsaya ina yi wa majiyyaci tambayoyin da ba hurumina ba, don in san inda zan fi mayar da hankali. Ku rubuta mana layi biyu: abin da kuka gani a baki, da abin da kuke son hoton ya amsa muku. Kuma in majiyyaci yana da tsohon hoto a gida, ku ce ya zo da shi, sau da yawa ba ma sai an sake ɗaukar wani ba.